Rasuwar Mailafiya, Randar Ƙofar Gidan Jaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai sauka ba, ni Kubura ta unguwar Limawa a nan Dutse, matar marigayi Jaji mai jakuna, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da fatake, da duk wanda ƙishirwa ta taɓa tsayarwa a ƙofar gidanmu, rasuwar randata wadda kowa ya sani da Mailafiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a bayan barikin Bature, nesa da gida, cikinta cike da gawayi, babu wani nata a kusa. Ba tsufa ne ya ɗauke ta ba. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi sunayen waɗanda suka yi kafin tawadar nan ta bushe.

Ni ban yi karatu ba, abin da na sani bai wuce na salla ba. Malam Idirisu ne yake rubuta mini, kuma mun yi da shi cewa abin da ya fito daga bakina shi zai sa, babu gyara babu sassautawa. Da farko ya ƙi, wai ba a yi wa tukunya sanarwar mutuwa. Na tuna masa tun gemunsa yana baƙi yake shan ruwanta, bai taɓa ce mata tukunya ba sai yau da ta mutu. Sai ya fiƙe alƙalami. Ya yarda kuma a rubuta Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, don ya ce wannan kowace musiba ana faɗa mata, kuma ya amince musiba ce.

An haifi marigayiya a Taura, a hannun Larai maginiya, Allah ya jiƙanta, tun Nasara ba su san hanyar ƙasar nan ba. Jaji ne ya je ya ɗauko ta. Yana da jakuna, amma ya ce babu wanda yake da hankalin da za a ba shi amanarta, saboda haka a ka suka yi ta karɓa-karɓa shi da ƙanensa har suka iso Dutse. Wuyan ƙanen bai sake miƙewa daidai ba har ya koma ga Allah, kuma bai taɓa yin ƙorafi ba, don ya sha ruwanta. Baƙa ce, mai faɗin ƙugu, mai ɗan zane a wuya. Sai na yi sawu a rijiya na gaji kafin ta ce ta ƙoshi.

Ƙuruciyarta a cikin gida ta yi, a bayan ɗakina. Abin da ya fito da ita waje shi ne ciwon ajalin Jaji, kuma ina so a ji wannan da kyau, don nan maganar take. Jaji ba waliyyi ba ne. Ni na zauna da shi, na san abin da na sani. Mutum ne mai yawan rantsuwa a ciniki, mudunsa kuwa yakan rame idan zai sayar, ya yi ƙiba idan zai saya, kuma jakunansa sun ji kalmomin da ba za a rubuta a takardar malam ba. Shi kansa ya san yana bukatar addu'a, ba kaɗan ba. Bai bar abin haƙa rijiya ba, bai bar abin gina masallaci ba. Da ya ga tafiya ta zo, sai ya ce in fitar da randar in kafa ta a gindin tsamiyar ƙofar gida, in riƙa cika ta, duk wanda ya sha ya ce Allah ya jiƙan Jaji. Ita ce sadakarsa. Ita kaɗai ce guzurin da yake samu a inda yake.

Haka na yi. Aka haƙa rami, aka zuba yashi mai laima, aka zaunar da ita gindinta a cikin ƙasa. Shekaru suka yi ta wucewa, saiwoyin tsamiya suka zo suka rungume ta. Ko jaririn Limawa ya san randar da ta zauna ta kama ƙasa ba a tayar da ita. Inda aka kafa ta nan ne gidanta har ƙarshen ranta.

Halayen marigayiya sanannu ne, amma za a faɗe su don waɗanda suka kashe ta su ji abin da suka kashe. Ruwanta a tsakiyar bazara, lokacin da duwatsun garin nan suke hura wuta, sai ya kama maka haƙori. Ba ta taɓa tambayar mutum daga ina yake ba. Fataken Garki masu jakuna sun sha, masu kai dabino kasuwa sun sha, mai karɓar haraji ma ya sha, ba ta ƙware shi ba, ko da yake na so ta yi. Hindatu mai nono takan jingina ƙwaryarta a jikinta don nonon ya yi sanyi, ba ta taɓa neman lada ba. Duk gulmar unguwar nan a kanta ake tsayawa a yi ta, babu kalma ɗaya da ta taɓa fita daga bakinta. Ku nuna mini mace ɗaya a Limawa da za a faɗi haka a kanta, har da ni.

Ba ta da yawan magana, amma wanda ya zauna da ita ya san muryarta. Idan ana zuba mata ruwa da safe takan ce ɓul, ɓul, ɓul, a hankali, kamar dattijuwa tana amsa gaisuwa. Idan ka ƙwanƙwasa cikinta a cike sai ta ce dim. Idan ruwa ya yi ƙasa moɗa ta taɓa gindi, sai ta ce ƙwar, sau ɗaya tak, ni kuwa ko ina cikin daka zan ji, in ajiye taɓarya in ɗauki tulu. Shekara da shekaru muna haka da ita, ba mu taɓa sa'insa ba.

Aibinta ɗaya, kada a ce na ɓoye: tana da kwaɗo. Ba a cikinta yake ba, kamar yadda wasu maƙiya suke yaɗawa yanzu. A gindinta yake, cikin yashi mai sanyi. Sau ɗaya ne kawai aka same shi a ciki, shi ma wani ne ya sha ya bar ta a buɗe.

Ta rasu ta bar moɗa ɗaya, wadda har yanzu take rataye a reshen tsamiya tana lilo, ba ta san abin da ya faru ba. Ta bar faifan da ake rufe ta da shi, wanda yanzu babu bakin da ya yi masa daidai a duk garin nan. Ta bar tuluna biyu da suka yi mata hidima, ɗaya mai tsaga a leɓe. Ta bar kwaɗon da aka ambata, yana zaune a cikin ramin ya zuba wa hanya ido, ya rame. Ta bar ni. Ta kuma bar Jaji a kabari, wanda shi ne babban maraya a cikinmu.

Yanzu ga yadda ciwon ya fara.

Bature ya zo rangadi ya sauka a bariki, wai zai auna gonaki ya ƙirga kawuna. Mutanen gari suna kiransa Mai Tafasa, saboda babu abin da yake shiga bakinsa sai an dafa shi, har ruwan kurkure baki. An ce ko dabino aka ba shi sai ya dube shi kamar zai cije shi. Yana da wata farar tukunya ta tangaran da yake yawo da ita, a zuba ruwa ta sama ya tsatso ta ƙasa a tace, tana da ɗan bakin ƙarfe da ake murɗawa. A hanyar zuwa, wajen hawan duwatsu, ɗan dakon da ke ɗauke da ita ya yi tuntuɓe, ta tarwatse. Ban yi murna ba, ni na san zafin rashin tukunya. Amma mutumin da ya ɗanɗana wannan zafin ya kamata ya fi kowa tausayin randar wani.

Bature ya ga ruwan kududdufinmu ya ce ba zai sha ba. Ya ga na rijiya ya ce shi ma a'a. Yana tsoron kurkunu, yana tsoron gudawa, yana tsoron waɗansu ƙwari da ya ce ido ba ya ganinsu. To, yana da wani littafi da danginsa suka rubuta don masu zuwa zama a ƙasashen zafi. Gwadabe, kukunsa, mutumin Garki, shi ya faɗa mini abin da ke ciki bayan na ritsa shi a bakin kasuwa na riƙe masa riga. Littafin ya ce kada Bature ya fita rana babu hular kwano. Ya ce ya haɗiyi maganin zazzaɓi mai ɗaci kullum. Ya ce ya kwana cikin gidan sauro, ya zazzage takalminsa da safe saboda kunama, wannan kam na yarda da shi. Ya ce ya ɗaura ɗamarar ulu a cikinsa dare da rana don kada sanyi ya shiga hanjinsa. A Dutse. A bazara. Sannan ya ce idan farar tukunyarka ta fashe a daji, nemi babbar randar mutanen ƙasar, huda gindinta, zuba tsakuwa, zuba yashi, zuba gawayi, ɗora ta a sama, tara wata tukunya a ƙasa.

Littafin bai ce a tambayi mai randa ba. Na sa an tambayi tafinta, ya duba gaba ya duba baya, babu.

Bature ya ce a kawo masa randar da ta fi kowace girma a gari. Mai unguwa ya ji an ce Bature, bai tsaya tambaya ba, ya tura ɗan aikensa Maharazu. Maharazu, wanda uwarsa ta yi wankan jegonsa da ruwan da ni na ɗebo mata. Ni kuwa ranar na tafi suna ƙauye. Da ina nan da sai dai su haƙa da ni. Suka zo da fartanya, suka sare saiwoyin, suka ciccibo ta, suka cire ƙyauren zauren maƙwabcina suka ɗora ta a kai, suka ɗauka a kafaɗa. Matan unguwa da suka leƙo sun ce tun a ranar suka san gawa ce ake wucewa da ita. Sun ce da aka raba ta da ƙasa ta ce mmm, wata irin murya da ba a taɓa jin ta yi ba.

Na dawo da la'asar da ƙullin goron suna a hannu, na tarar da rami, da kwaɗo a ciki.

Ban ko shiga gida ba, na wuce bariki. Aka tare ni a ƙofa aka ce aro ne, za a dawo da ita idan Bature ya tashi. Na zagaya baya na leƙa ta zana. Malam, rubuta wannan yadda na faɗa. Na gan ta an ɗora ta a kan itatuwa a sama, gindinta a waje kowa yana kallo, dattijuwar da tunda aka kafa ta ko ni ban ƙara ganin ƙasanta ba. An huda ta da ƙusa. An cika mata ciki da tsakuwa da gawayi kamar murhu. Tana ɗiga cikin wata 'yar tukunyar miya, ɗis, ɗis, ɗis. Ita da take cewa ɓul.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ta yi mini ɗaci. Ruwan ya tacu. Na ga an zuba na kududdufi ja kamar kunun kanwa, ya fito ta ƙasa fari kamar hawaye. Amma kada wani ya ce hikimar littafi ce kaɗai. Halin marigayiya ne. Ko an wulaƙanta ta sai ta yi aikin kirki.

Da an tsaya a nan da ta rayu, da huda dai, da na toshe ta da ƙaro na lallaɓa ta. Sai dai littafin ya ce ba tacewa kaɗai ba, har da tafasawa. Gwadabe ya riƙe biyun a kansa, amma ya manta wanne ne gaba. Ranar Talata Bature ya fita awon gonaki tun da sassafe tare da tafinta, babu wanda zai tambaya. Sai ya yi shawara da kansa, ya ce ai tunda sunan maigidansa Mai Tafasa, tafasawa ce farko. Ya cika babbar tukunyar ƙarfe, ya hura mata wuta har tana tsalle, ya hau kan turmi, ya juye ta gaba ɗaya a cikin randar da ta kwana tana shan iskar asuba, randar da tun ranar da ta fito daga wutar Larai ba ta ƙara sanin wani abu mai ɗumi ba.

Masu shara da suke wurin sun ce ta ce ƙas. Ta sake cewa ƙas, a hankali. Sannan ta buɗe daga leɓe har gindi, ruwa da yashi da gawayi suka zube ƙasa. Wannan ce maganarta ta ƙarshe. Ruwan ya ƙona wa Gwadabe ƙafa. Allah ya ba shi lafiya, amma ba sai an yi gaggawa ba. Da tafinta ya dawo ya duba, ashe littafin cewa ya yi a tace tukunna, sannan a tafasa a tukunyar ƙarfe. Yana nan a rubuce, a bayan shafin.

Na nemi hakkina ta hanyar da ake nema. Na je wurin mai unguwa, ya ce shi umarni aka ba shi, ya dubi ƙasa yana wasa da carbi. Na je wurin alƙali, ya saurare ni da kyau, ya ce a duk littattafansa bai ga diyyar randa ba, kuma Bature ba a kiransa zaurensa. Na koma bariki na tsaya a rana na yi ta faɗin abin da ke raina har Mai Tafasa ya fito da kansa. Dogo ne, ja kamar an yi masa wanka da barkono, gumi yana tsiyaya ta ƙarƙashin ɗamarar nan. Ya cire hularsa, wannan na ba shi. Ya sa tafinta ya ce mini bai sani ba, in yi haƙuri. Na ce haƙurin na ji, amma a cikin me zan zuba ruwa. Ya koma ciki, aka fito mini da garwa.

Garwa. Gwangwanin da suka ƙarar da kananzir ɗin fitilarsu. Tafinta har yana ce mini ta fi randa, wai ba ta fashewa, wai daga ƙasar Turawa ta zo. Na ɗauka, don ba zan bar ƙofar Jaji babu ruwa ba ko na yini ɗaya. Na wanke ta da toka, na wanke ta da yashi, na jiƙa tsamiya a ciki, na turara ta. Warin yana nan. Kafin azahar ruwan cikinta ya yi zafin da za a fige kaza da shi. Idan moɗa ta taɓa ta sai ta ce gwaram, kamar mara tarbiyya. Kwaɗon ya matso ya shinshina ta sau ɗaya, ya koma raminsa.

Ga abin da ya hana ni cin abinci. Mutane ba su daina tsayawa ba, ƙafarsu ta saba. Bafatake zai zo a gajiye, ya kai moɗa baki, ya kurɓa, ya fesar, abin da zai fito daga bakinsa shi ne Allah ya isa. A ƙofar Jaji. A kan sadakar Jaji. Bubayero, dattijon Bafulatanin da yakan tsaya ya yi wa Jaji addu'a mai tsawo har shanunsa su gaji da jira, ya sha ya yi ta tofar da yawu, ya faɗi wata kalma da Fulatanci, na tambayi Hindatu ma'anarta ta ƙi faɗa mini. Na tambayi Malam Idirisu ko irin wannan ma tana isa kabari kamar yadda addu'a take isa. Ya ce ba haka abin yake ba. Na ce masa ai bai je ya gani ba. Ni dai na san mijina, na san abin da ya tafi da shi. Ba shi da rarar da za a riƙa zaftare masa kullum.

Masu cewa in sayi sabuwa, na ji ku. Larai ta mutu. Sabuwar randa kuwa sai ta shekara tana ɗanɗanon ƙasa tana yoyon gumi kafin ta san aikinta. Kuma ba ni na fasa ba.

Tunda an ce littafin nan don baƙi aka yi shi, kuma na ji wasu Turawan suna tafe a bayan wannan, ina so tafinta ya ƙara musu maganata a ciki, kusa da wurin kunama. Baƙo, idan ka sauka a garin mutane ka fara da gaisuwa, ka tambayi abin da kake so da bakinka, kada ka ce a kawo mini, don wanda za ka aika tsoronka yake ji, zai kawo maka har abin da ba ka nema ba. Duk abin da ka gani a ƙofar gida a gindin itace yana da mai shi, sau da yawa ma mai shin ya mutu, wanda ya fi wuyar ba wa haƙuri. Idan huda tukunya kake so, je wurin maginiya ka sa a yi maka sabuwa da hudarta tun tana ɗanya, wadda ba ta san kowa ba, babu wanda ya san ta. Zuba tsakuwarka da gawayinka, na ga yana yi, ban hana ka ba. Idan kurkunu kake tsoro, mu ma ba ƙaunarsa muke ba, ɗaura ƙyalle mai tsabta a bakin tulu kafin ka zuba. Ka tace, sannan ka tafasa, sannan ka bar shi ya huce, kuma ka tsaya a kan kukunka har ya haddace. Ka cire ɗamarar nan, tausayi kake ba mu. Idan kuma ka yi wa tsohuwa ɓarna, kada ka aiko mata da abin da za ka yar.

Yanzu sai jana'iza.

Malam Idirisu ya ce ba za a yi mata salla ba, kuma ban yi gardama ba, na san iyakata. Ya ce ba zan yi mata takaba ba, wannan ma na bari. Amma makoki babu littafin da ya hana ni.

Za a ɗauko gawar ranar Alhamis bayan azahar daga bayan bariki, inda take kwance har yanzu a cikin gawayi. Maharazu ne zai ɗauke ta, a kan ƙyauren da ya kai ta, sannan ya mayar wa mai ƙyaure abinsa, don mutumin yana kwana zaurensa a buɗe. Gwadabe zai bi baya da ɗingishinsa. Za a binne gindinta a raminta na gindin tsamiya. Sauran tsingaron za a raba wa masoya: babba ɗaya na Hindatu, ta riƙa ba kajinta ruwa, ɗaya na Bubayero, ɗaya nawa na turaren wuta. Mai unguwa kada ya miƙo hannu.

Zaman makoki ba a gidana za a yi ba, tunda ba a gidana ta mutu ba. A bariki za a yi, a inuwar da ke ƙarƙashin tagar ɗakin Bature, daga azahar zuwa la'asar, lokacin da aka ce yana barcin rana. Na gayyaci tsofaffin Limawa kaf, har da waɗanda ba ma magana da su, don sun fi murya. Kowace ta zo da tabarmarta. Za a zauna har sadakar uku, idan ba a ji komai ba a zarce bakwai, kuma ni ba ni da wani aiki har arba'in.

Na samu labari, kuma na leƙa na gani da idona, cewa an kawo wa Mai Tafasa sabuwar farar tukunya daga Kano, tana zaune a barandarsa an yafa mata ƙyalle. To, ga sharaɗina, a faɗa masa da harshensa. Za mu zo da garwar, cike da ruwan da ya yini a rana. Moɗar farko tasa ce, a gaban jama'a. Idan ya shanye bai yamutsa fuska ba, ya ce Allah ya jiƙan Jaji, na yafe, in naɗe tabarmata in koma gida da garwata. Idan ya fesar, farar za ta biyo ni Limawa a ranar, ta zauna a gindin tsamiya tana ba mutane ruwa, har sai ya aika Taura an gina wa Jaji wata randar, an kawo ta a ka, ta zauna ta kama ƙasa ta daina ɗanɗanon yumɓu.

Kada ya damu da abin da zai sha kafin nan. Ya san hanya, mutanensa sun nuna sun santa. Moɗa tana rataye a reshe, kuma a ƙofar nan ba ma tambayar kowa daga ina yake. Ya zo ya bi sahun fatake, ya sha, ya ce Allah ya jiƙan Jaji kamar kowa, ya mayar da murfi.